Cecilia a Ɗakin Kawu Sama'ila

Makon jiya ƙanwata Cecilia ta kama aiki a wata makarantar 'yan mata da ke wajen Ikara, kuma tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Guɗar da na rangaɗa a tsakar gidanmu a Nasarawan Doya sai da akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Matan zumunta a coci suka ce tunda ni na goye ta, ni ya kamata in ba da labarinta. To ga shi. Ni ce Lucia, yayarta, mai ƙosai a kasuwar Makarfi.

Aikin da aka ba ta ba koyar da lissafi ba ne. Ɗaki aka ba ta da kujera biyu. Yarinyar da wani abu ya dama sai ta shigo ta zauna ta yi magana, ita kuma Cecilia ta saurara. Wata a zumunta ta ce, “Yanzu gwamnati har aikin yin shiru take bayarwa?” Na ce mata ki bari in gaya miki inda na fara ganin wannan shirun yana aiki, in kin ji sai ki yi dariyar.

Tun tana ƙarama Sisi ba ta da baki. Sisi muke ce mata a gida. Ni ce mai bakin, ni nake faɗan nawa da nata. Amma akwai wani hali da take da shi. Mata za su zo wajen Mama da kukansu, wannan mijinta kaza, waccan ɗanta kaza, Mama na tuƙin tuwo tana cewa yi haƙuri, yi haƙuri. Kafin ka ankara sai ka ga matar ta juya tana gaya wa yarinya 'yar ƙarama da ke zaune tana ɓarar gyaɗa. Sisi ba ta ce mata komai, kallonta kawai take. Ni dai na lura ƙauyenmu magani ɗaya muka iya, yi haƙuri. Kuma sau da yawa ma'anarsa ita ce rufe mana baki, mun gaji da ji.

Ni na tsaya a firamare. Ita ta wuce, har jami'a a Zariya, Baba ya sayar da bijiminsa. Wani hutu muna surfa wake na tambaye ta abin da ake koya musu.

Ta ce, “Ilimin halin ɗan Adam, Yaya. Saikoloji ake ce masa.”

Na ce, “Wato za ki riƙa karanta zuciyar mutane? To karanta tawa.”

Ta yi dariya. “Taki ai a baki take, ba sai an karanta ba. Masu ilimin nan ma bakinsu ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda suka ɗauki mutum kamar keken da ya lalace, a kwance shi a gano inda ya karye. Akwai masu ɗaukarsa kamar jaki, dusa a gaba, sanda a baya, sai ya bi hanya. Ni wanda ya kwanta mini shi ne na masu cewa mutum mutum ne. Kin ga rake a fadama? Ba wanda yake kama kansa ya ja shi sama. In ya samu ruwa, ba abin da ya danne shi, da kansa yake tashi.”

“To ke mene ne naki a ciki?”

“In zauna da mutum yadda na same shi. Kada in yanke masa hukunci. Kada kuma in yi masa ƙarya.”

Na ajiye taɓarya na ce, “Sisi, a kan wannan Baba ya rabu da bijimi?”

Ta gama karatu daidai lokacin da sojoji suka hau, suka ce za su gyara mana hali da bulala. Waɗanda suka yi wayo lokacin sun san abin da nake faɗa. Sabulu ya ɓace, madara ta ɓace, sukari sai dai labari. In an kawo kaya kantin gwamnati sai layi tun daga ƙofa har bakin titi, ga soja yana zagayawa da dorina. Ma'aikata ana ta kora, balle a ɗauki sabo. Sisi ta dawo gida da takardarta, ta sa a ƙasan akwati, ta ɗaura zane tana taya ni suyan ƙosai. Samarin gari suna ce mata Malama mai karatun shiru.

Yanzu sai in kawo Kawu Sama'ila. Ƙanen Mama ne. Dangin Mama Musulmi ne, mu kuma Kirista, amma 'yar tafiya ce kawai tsakanin gidajen, da Sallah mu ci nasu, da Kirsimeti su ci namu. Kawu gwanin mazarƙwaila ne. Yana da doki mai zagaya injin matse rake, shi kuma yana tsaye a kan kasko yana duba ruwan raken har ya yi kauri a zuba a kwanoni. Aiki ne mai danƙo da ƙuda, amma ban taɓa ganin mutum mai tsafta irinsa ba. In ya tashi daga aiki ya yi wanka ya sa farar riga, sai ka rantse a ofis ya wuni. Yana da wani wando mai ruwan toka da yake ji da shi, na zuwa kasuwa da gaisuwar manya.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Ranar kasuwa ce, kaskona yana kallon kantin. An kawo sabulu, Kawu ya shiga layi tun hantsi, ga shi kwana biyu cikinsa ba daɗi, zawo yake fama da shi. Layi ya kusa zuwa kansa sai ya hango surukinsa, Malam Musa na ƙauyen Taba, mahaifin matarsa Inna Rahmatu, yana tahowa da sanda. To kun san mu. Mutum zai ga surukinsa ya tsaya ƙerere a layi kamar itace? Kawu ya fita, ya tuɓe takalma, ya durƙusa. An tashi lafiya, ya gida, ya iyali, ya gona, ya mutanen Taba, har sai da gaisuwa ta ƙare. Ya sa takalmansa ya dawo gurbinsa, na bayansa ma ya matsa masa.

Sai ga sojan. Ko gemu bai gama fito masa ba.

“Kai, baba! Daga ina ka ɓullo?”

“Ranka ya daɗe, nan wurina ne. Surukina na je na gaisar.”

“Suruki? Gwamnati ta ce layi, kai ka ce suruki. Fito. Kama kunne.”

Mutane suka ce wallahi wurinsa ne. Ya ɗaga dorina, kowa ya haɗiye maganarsa. Ya sa Kawu tsallen kwaɗo daga ƙofar kanti zuwa inda ake sayar da albasa, in ya tsaya ya tsula masa. Mutum mai 'ya'ya, mai furfura a gemu. A dawowa ne cikin ya ƙwace masa. Na ga wandon ya canza launi tun daga baya har ƙafa. Sojan ya toshe hanci yana dariya, yana cewa ku ga rashin ɗa'a da idonku. Wasu 'yan iska a bakin tasha suka taya shi. Malam Musa yana tsaye kusa, sai ya juya fuskarsa ga bango.

Ƙosaina ya ƙone ƙurmus a kasko ban sani ba.

Kawu ya tuɓe farar rigarsa ya ɗaura a ƙugu, ya bi ta bayan gonaki a ƙafa har gida. Ya shiga ɗakinsa ya tura ƙyaure. Shi ke nan.

Abin da garinmu ya yi bayan nan, da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma ni ƙyamarsa nake ji kusan kamar na sojan. Ba wanda ya kira taro, amma kowa ya san dokar: ba a gani ba, ba a ji ba. Kawaici. A rufa wa dattijo asiri. Mama ta ja kunnena ta ce in na kuskura na ɗaga maganar sai ta saɓa mini. Aka ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Masu dubiya su tsaya a ƙofa, “Malam Sama'ila, ya jiki? Allah ya sawwaƙe zazzaɓin nan.” Rabinsu suna kasuwa ranar.

Rake ya nuna a fadama, doki yana ɗaure yana ta ƙiba, Kawu bai fito ba. Ya daina wanka. Salla ma a zaune, in ya yi. Ni nake kai masa kunu wani lokaci, kuma bari in faɗi gaskiya, ɗakin nan ba ya shiguwa. Gwangwanin fitsari a bayan ƙyaure. Kwanonin tuwo sun yi gashi fari da kore. Ƙudaje manya masu sheƙi. Can a lungu bayan randa ga wandon, a dunƙule, yadda ya tuɓe shi ranar. Inna Rahmatu ta taɓa miƙa hannu za ta ɗauke, ya daka mata tsawar da ba ta taɓa ji ba tun aurensu. Ba ta sake ba. Ni numfashi nake riƙewa, in dire kwano in fito da gudu in tofar a bayan rumbu.

Wani lokaci yakan tambayi mai shigowa, murya can ƙasa, “Ba ka jin wari?” Kowa amsarsa ɗaya. “Wane wari? Ba wani wari, Malam. Kwanta ka huta.”

An yi rubutu, an yi hayaƙi har idon Inna Rahmatu ya yi ja. Mu ma ta wajenmu fasto ya sa shi a addu'a, da sunan mai zazzaɓi. Yayansa, Kawu Sa'idu, wanda shi ne babba a gidan, yakan tsaya a ƙofa ya yi ta faɗa, “Tashi mana, kai ba namiji ba ne?” Da ya gaji sai ya yanke cewa iska ce ta shige shi. Ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye can bayan Kudan, a kai shi.

Na san gidan. Na taɓa raka wata ƙawata dubiya. Maza ne zube a rana, an aske musu kai, kowa da mari a ƙafa an haɗa da gungume. Inda ƙarfen yake cin fata ya zama gyambo, ƙuda na bi. Da safe a ba su jiƙo, wanda ya ƙi sha a danne shi. Wanda muka je dubawa da ƙafarsa ya shiga yana magana, da muka same shi sai yawu kawai yake zubarwa. Can za a kai Kawu. Kawu Sa'idu ya ba maƙeri aikin mari, ya kuma yi magana da wani direba mai ɗaukar rake zuwa wajen. Da mari ya fito wuta, sai tafiya.

Ran nan Sisi ta wanke hannu daga ƙullu ta ce, “Yaya, raka ni.”

Muka samu Kawu Sa'idu a zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi. Sisi ta ce tana neman izini ta riƙa zuwa wajen Kawu Sama'ila.

Ya ce, “'Yar boko, me za ki karanta masa? Turanci iska take ji?”

“Ba abin da zan karanta, Kawu. Zama kawai zan yi.”

“Zama. To ai shi ma zaman yake yi, kun zama biyu. Je ki zauna, kafin maƙeri ya gama.”

Haka muka fara. Kullum da hantsi in ɗauko kunu, ita ta shiga, ni in zauna a waje jikin bango da bakin zane a hanci. Ƙasa take zama, kusa da ƙofa, ba tabarma. Ta ce, “Kawu, ina kwana. Sisi ce.” Ba ta taɓa cewa ya jiki ba. Daga nan shiru. Shi yana kwance ya ba ta baya. Ƙuda ya sauka a goshinta ta kore shi. In rana ta ɗaga ta ce, “Kawu, zan tafi, gobe zan dawo.” Washegari ta dawo.

A hanya nake sauke mata. “Ke wai wane irin aiki ne wannan? Ki ce masa ya tashi ya yi wanka mana! Ki ce masa mari ake ƙera masa!”

Ta ce, “Kowa ya gaya masa abin da zai yi, Yaya. Ya yi?”

“To ke da ba ki ce komai ba, ya yi?”

“Jiya ya juyo ya kalle ni.”

“Ya kalle ki! Sai mu yi biki.”

Kayanta ma warin suke ɗauka. In mun koma gida sai na sa ta tuɓe a bayan ɗaki kafin ta matso kusa da ƙulluna.

Sai ranar da maƙeri ya gama. Muna zaune kamar kullum, Inna Rahmatu tana tankaɗe kusa da ni, Kawu Sa'idu ya shigo ya jefar da marin a tsakar gida. Ƙarar ƙarfen nan har cikin haƙorina. Ya ce gobe da safe mota za ta zo, a haɗa masa kaya. Ya fita. Inna Rahmatu ta kifa kai a kan rariya.

Can sai na ji murya daga ɗaki, a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba.

“Sisi.”

“Na'am, Kawu.”

“Ba kya jin wari?”

Inna Rahmatu ta ɗago da sauri tana yi wa Sisi alama da hannu ta bakin ƙofa, a'a, a'a. Ni ma a raina cewa nake ki ce babu, yarinya, ki ce babu.

Sisi ta ce, “Ina ji, Kawu. Ɗakin nan yana wari ƙwarai. Wani lokaci har cikina yake tashi.”

Na dafe ƙirji. Na ce shi ke nan, ta ƙarasa shi.

Ya ce, “To me ya zaunar da ke?”

“Wajenka na zo.”

Sai na ji motsin tabarma, ya tashi zaune. Ya ce, “Duk wanda na tambaya sai ya ce ba ya jin komai. Rahmatu ta ce babu. Yaya ya ce babu. Liman ya ce babu. Ni kuma ina ji, dare da rana ina ji. Suna ce mini zazzaɓi, ni ban ji zazzaɓi ba. Har na fara cewa to ko dai da gaske kaina ne ya taɓu? Ko abin ma bai faru ba, ni kaɗai na gan shi? Shi ya sa na hana a taɓa wancan.” Na san wandon bayan randa yake nufi. “In aka ɗauke shi, ba ni da sauran shaida.”

Sisi ta ce, “Kowa yana nuna ba abin da ya faru, sai ya zama kai kaɗai aka bari da shi.”

“Ni kaɗai.”

Daga nan ya fara. Ya faɗi layin, ya faɗi gaisuwar, ya faɗi dorina. Ya faɗi abin da ya zubo masa da sunansa, bai sakaya ba. Sisi ba ta ce yi haƙuri ba, ba ta ce ƙaddara ce ba. In ya tsaya sai ta ɗan maimaita masa abin da ta ji, shi kuma ya gyara mata ko ya ci gaba. Har ta ce, “Kamar ba bulalar ce ta fi ci maka rai ba.”

Ya ce, “Bulala ai ko doki yana sha. Malam Musa ne. Mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Don shi na fita layin. Ya juya mini baya kamar ya ga mushe.”

Ya yi kuka. Ban taɓa jin kukan babban mutum haka ba, kuma ba ta hana shi ba. Inna Rahmatu tana yi a waje, yana yi a ciki.

Da ya lafa sai ya ce, “Lucia tana kasuwa ranar. Tana nan?”

Na ce, “Ga ni, Kawu.”

“Kin gani?”

Wayyo, abin da na daɗe ina haɗiyewa! Na cire zane daga hanci na leƙa na ce, “Na gani, Kawu, tun daga farko har ƙarshe. Wurinka ne a layin nan, kowa ya sani. Wannan ɗan banzan sojan mai kai kamar ƙwaryar da aka taka, da uwarsa ta koya masa gaisuwa da bai yi abin da ya yi ba. Shi ne ƙazamin, ba kai ba. Amma ɗakin nan, Kawu, don Allah, ko akuya ba za ta kwana a ciki ba.”

Ya yi wani abu kamar tari. Ashe dariya ce.

Sai Sisi ta gaya masa sauran, ba ta ɓoye ba. Ta ce ƙarar da ya ji ta mari ce, gobe da safe mota za ta zo a kai shi bayan Kudan.

Ya ce, “To me kika ce in yi?”

Ta ce, “Ban ce ba, Kawu. Kai me kake so?”

Ya ce, “Ku je gida.”

Ranar kam na kusa dukanta a hanya. Na ce mutum ya buɗe baki ya tambaye ki, ga mota gobe, ki ce masa me yake so? Ki ce ya yi wanka ya fito ya gaida Kawu Sa'idu, magana ta ƙare! Ta ce in ya fito don ta ce, ranar da ba ta nan zai koma. Amma ko tuwo ba ta ci ba ranar.

Da safe mota ta tsaya a ƙofar gida, rake a bayanta. Kawu Sa'idu ya shigo da direba da wasu ƙarti biyu, mu muna biye. Wari ne ya fara tarbarmu tun daga zaure.

Kawu Sama'ila yana tsakar gida, a bakin rijiya, a tsugune, daga shi sai gajeren wando. Ya rame, gashi ya cukurkuɗe. Ga baho a gabansa, ga toka, ga ɗan guntun sabulun salo. Wandon ne yake wankewa. Ya bushe ya yi tauri kamar fata, sai da ya taka shi da ƙafa kafin ya jiƙu. Ruwan da yake fita ba zan kwatanta shi ba, ina so ku ci abinci yau. Ƙudaje sun biyo shi daga ɗaki kamar masu rakiya. Matan gida duk sun tsaya cirko-cirko. Inna Rahmatu ta zo za ta karɓa, ya ce, “Bari, nawa ne.”

Kawu Sa'idu ya ce, “Kun gani ko? Yanzu ta fito fili. Dattijo tsirara a gaban mata yana wasa da ƙazanta. Ku kama shi.”

Ƙartin suka matso. Na kalli Sisi, ta ƙanƙame hannuna har ya yi zafi.

Kawu bai ko ɗago kai ba. Yana cuɗawa ya ce, “Yaya, ina kwana. Wandon da na yi kashi a ciki a kasuwar Makarfi nake wankewa. Soja ya sa ni tsallen kwaɗo a gaban surukina, cikina ya ɓaci. Ka sani, na sani, waɗannan da ka kawo ma sun sani, ɗayansu yana sayar da albasa a wurin. Ba zazzaɓi na yi ba, kunya na ji. In wannan ne hauka, ga ƙafar, miƙo marin. Amma ka bari in ɗauraye tukuna.”

Mai albasa ya sunkuyar da kai. Direba ya cire hula ya sosa ƙeya ya ce, “Alhaji, ni fa rake nake ɗauka. Wannan ya fi ni hankali.” Ya juya ya fita, ƙartin suka bi shi. Kawu Sa'idu ya tsaya da mari a hannu, ya ce wari ya dame shi, ya koma zaure.

Kawu ya zubar da ruwa ya sake, ya zubar ya sake, har sabulun ya ƙare. Ya shanya wandon a igiyar tsakar gida inda duk mai shigowa zai gani. Sannan ya ce a ɗora masa ruwan wanka, a kira wanzami. Ɗakin kuwa mu muka sha aikin share shi, ni da Inna Rahmatu. Tabarmar sai ƙonawa.

Bayan 'yan kwanaki ya sa wandon nan, tabon bai gama fita ba, ya hau keke ya tafi Taba wajen Malam Musa. Inna Rahmatu ce ta gaya mini yadda suka yi. Ya tuɓe takalma ya durƙusa ya yi gaisuwa har ƙarshe, sannan ya ɗaga maganar da bakinsa. Tsohon ya ce, “Sama'ila, ni da na juya, don kada ka ga na gani ne.” Aka kawo fura, ya sha a gaban surukinsa, abin da bai taɓa yi ba.

Kada ku ce komai ya koma daidai. Rabin raken shekarar ya bushe a fadama. Kawu bai sake taka kasuwar Makarfi ba har yau, sai dai ya aika. In ya hango kaki, ko na ɗan doka ne, sai maganarsa ta ɗauke. Sisi ta ci gaba da zuwa wajensa har damina ta faɗi. Kawu Sa'idu kuwa yana nan yana gaya wa mutane hayaƙin ne ya yi aiki, a makare. Marin yana ƙarƙashin gadonsa, wai ko za a buƙata. Duk ranar da na shiga gaishe shi na hango bakin ƙarfen nan sai in ji kamar in tofa.

In na ce wa Sisi ke kika warkar da Kawu sai ta ce a'a, shi ya wanke wandonsa. Ni dai na san wanda ya zauna a ƙasa cikin ƙuda.

Shekaru ta yi tana juya mini ƙosai bayan nan, sojoji suka sauka wasu sojojin suka hau, aka ce mu ƙara ɗaure ciki, sai yanzu aikin ya fito. Ranar da za ta tafi Ikara Kawu ya zo da mazarƙwaila cike da kwando, ya ce ta ajiye a ɗakin, yarinyar da ta gama kuka a ba ta ta tsotsa. Wandon ne a jikinsa, ya koɗe, an yi masa faci a gwiwa.

Na raka ta na ga ɗakin da aka ba ta. Tsohon sito ne a jikin bayan gidan ɗalibai, taga ɗaya, kashin ɓera ko'ina, warin masai yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Raina ya ɓaci, na ce bari in je in samu shugabar makarantar. Sisi ta riƙe mini zane ta ce in fara ara mata tsintsiya. Muna cikin shara wata yarinya ta leƙo, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen hijabinta, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Sisi ta jingine tsintsiya, ta goge kujera ɗaya da bakin zanenta.

Na ɗauki kwandona na fito, na ja musu ƙofa.